Yadda wayar salula ke tuna inda ta tsaya

A duk lokacin da kira ya shigo wayar salula alhali tana tsakiyar wani aiki, akwai wani ɗan kwafe-kwafe da ke gudana a cikinta wanda bai kai ƙiftawar ido ba. A kan wannan kwafe-kwafe ne saurin waya, da daɗewar cajinta, da ma wani ɓangare na tsaron asirin mai ita suka rataya.

Wani mai sauraronmu ne daga garin 'Yargoje da ke ƙaramar hukumar Ƙanƙara a jihar Katsina ya aiko mana da tambaya a kan haka. Ya ce sau da yawa yakan kunna karatu a wayarsa, yana kuma cike shafin tura kuɗi, sai kira ya shigo. Idan ya gama amsawa sai ya tarar karatun ya ɗora daga inda ya tsaya, lambar asusun da ya fara rubutawa kuma tana nan ba ta goge ba. Shin wane ne ke riƙe wa wayar wannan lissafi? Kuma me ya sa wani lokacin sai ta mance?

Tambayar dai tana da nauyi ga mutanen wannan yanki. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa waya ta wuce kayan ado. Da ita ake sanar da 'yan uwa idan an ga motsin 'yan bindiga, musamman a gari irin 'Yargoje da ya fuskanci mummunan hari a watan Yunin 2024, inda aka hallaka mutane da dama.

Mutanen yankin sun ɗanɗani rayuwa babu layin waya daga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku. Sannan ƙarancin takardun Naira da aka yi a farkon 2023 ya tilasta wa hatta masu ƙananan sana'o'i komawa ga tura kuɗi ta waya da na'urar POS.

Ga irin wannan mutum, wayar da za ta kasa yin ƙara saboda ta shagala da bidiyo, ko wadda wata manhaja za ta iya leƙa abin da manhajar banki ke yi, ba ta amsa sunanta ba.

Taura biyu

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ganin da ake yi kamar waya na gudanar da ayyuka barkatai a lokaci guda, dabara ce kawai. Ɓangaren da ke yin lissafi a cikin waya ko kwamfuta, wanda ake kira furosesa, jerin umarni ɗaya yake bi a lokaci guda. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma haka abin yake a wajensa.

Wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar China ke ƙerawa, kuma suka cika hannun jama'a a arewacin Najeriya, galibi suna ɗauke da furosesa mai cibiya huɗu ko takwas, ƙirar kamfanin MediaTek ko Unisoc. Kowace cibiya aiki ɗaya take iya yi a lokaci guda. Amma ayyukan da ke raye a cikin wayar Android da ke kunne sun kai ɗaruruwa: mai kula da hasken fuska, mai jiran saƙon WhatsApp, mai fitar da sauti, mai duba zafin batir, da sauransu.

Saboda haka sai a yi karɓa-karɓa. Wannan ya yi aiki na ɗan taƙin lokaci, a ɗaga shi, a kawo wancan. Mai rabon wannan lokaci shi ne kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. A wayoyin Android, kanel ɗin Linux ne.

A nan akwai bambancin da ya kamata mai tambayar ya lura da shi. Tsayawar da karatu ke yi idan kira ya shigo, manhajar ce ke yin ta da saninta, domin an sanar da ita cewa ana buƙatar lasifika. Sai dai a ƙarƙashin wannan tsayawa da kunne ke ji, akwai wasu tsaye-tsaye masu ɗimbin yawa a kowace daƙiƙa, waɗanda ita kanta manhajar ba ta san an yi mata su ba. Su ne ainihin abin mamakin.

Allo ɗaya, malamai da yawa

A ɗauka akwai aji mai allo ɗaya tak, malamai kuma da yawa. Malamin lissafi na tsakiyar warware wata tambaya, ya rubuta rabin amsa, sai aka kaɗa ƙararrawa. Dole ya ba malamin Hausa wuri, shi kuma allon yake buƙata.

Idan ana so gobe malamin lissafi ya ɗora kamar ba a taɓa katse shi ba, sai an sami wanda zai kwafe duk abin da ke kan allon cikin littafi, har da daidai wurin da alli ya tsaya, kafin a goge. Sannan ya buɗe shafin malamin Hausa, ya mayar masa da nasa rubutun kan allo yadda ya bar shi jiya.

Wannan allo shi ne wasu ƙananan gurabe da ke cikin kowace cibiya ta furosesa. Masana na kiran su rajista, sunan da ba shi da alaƙa da rajistar makaranta ko ta zaɓe. Duk lissafin da za a yi, sai an ɗauko lambobin daga ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM an zuba su a cikin waɗannan gurabe, a yi tarawa ko ɗebewa a nan, kana a mayar da sakamako. RAM ita ce littafin, kanel kuma shi ne mai kwafewa.

Furosesan da ke cikin kusan dukkan wayoyin salula na bin tsarin kamfanin ARM ne da ke birnin Kambirij a Ingila. A nau'insa na zamani akwai gurabe 31 na aikin yau da kullum, kowanne na ɗaukar bayit 8. Wasu wayoyi masu araha da ke tafiya a kan tsohon tsari kuwa gurabe 16 suke amfani da su.

Ban da waɗannan akwai wasu na musamman guda uku. Ɗaya na nuna umarnin da za a bi a gaba, wato wurin da alli ya tsaya. Ɗaya na nuna inda tulin bayanan aikin ya kai a cikin RAM. Na ukun kuma na riƙe da 'yan alamomi, kamar ko ɗebewar da aka yi ta ƙarshe ta ba da sifili ko ba ta bayar ba.

Idan aka haɗa su duka, bayit 272 ke nan, kwatankwacin saƙon tes guda biyu. Abin ƙanƙane ne ƙwarai, amma ba ya karɓar kuskure ko na ɗigo ɗaya. A ce manhajar banki ta ajiye Naira 5,000 a gurbi na uku tana shirin tara ta da kuɗin caji, sai aka ɗaga ta, mai kunna sauti ya zo ya zuba nasa lambobin a wannan gurbi. Idan ta dawo ba a mayar mata da 5,000 ɗinta ba, za ta ci gaba da lissafi da lambar wani, kuma ba ta da hanyar sanin an sauya.

Daga ƙararrawa zuwa ƙararrawa

Ita ma ƙararrawar akwai ta da gaske. Wani agogo ne a cikin na'urar da ke katse furosesa lokaci-lokaci, sau 250 a daƙiƙa ɗaya a wayoyin Android da dama. Furosesan da ke bugawa sau biliyan biyu a daƙiƙa na samun bugu miliyan takwas tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa, wanda a wajensa lokaci ne mai tsawo. Taɓa fuskar waya da yatsa, ko shigowar kira, su ma kowannensu na kaɗa tasa ƙararrawar.

Da zarar an kaɗa, shi kansa furosesa zai adana abu biyu a wasu keɓaɓɓun gurabe, wato inda aka tsaya da kuma alamomin nan, sannan ya miƙa ragama ga kanel. Aikin farko da kanel zai yi, kafin ya taɓa komai, shi ne kwashe gurabe 31 ɗin zuwa RAM, domin shi ma da wannan allon zai yi nasa lissafin.

Daga nan sai ya duba layin masu jira. Idan babu wanda ya fi cancanta, sai ya mayar wa mai aikin da kayansa ya ci gaba. Idan kuwa akwai, kamar mai sa waya ta yi ƙara, sai a yi musanya. Hasali ma yawancin musanyar ba ta jiran agogo: manhaja ce da kanta ke cewa tana jiran amsa daga intanet, a ba wani wuri.

Guntun tsarin da ke yin ainihin musanyar a Linux na wayoyi sunansa cpu_switch_to, kuma ƙanƙane ne. Abubuwa 13 kacal yake ajiyewa, ya ɗauko wasu 13, saboda sauran an riga an killace su kafin a iso wurinsa. Abin da ke ɗaure wa ɗaliban kwamfuta kai a kansa shi ne, ana shiga cikinsa da sunan wani aiki, a fito da sunan wani dabam. Wanda ya shiga ba zai fito ba sai an sake zagayowa kansa, watakila bayan daƙiƙa ɗaya, watakila sai gobe.

Dukkan wannan hidima kan ɗauki 'yan kashi kaɗan ne daga cikin miliyan na daƙiƙa. Amma lokaci ne da ba a yi wa mai waya wani aikin da zai gani ba, don haka masu rubuta kanel suka daɗe suna neman yadda za su rage shi. Za mu ga inda wannan nema ya kai su.

Tsohuwar matsala

Dabarar ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba. A shekarar 1961 ne Fernando Corbató da abokan aikinsa a cibiyar MIT da ke Amurka suka nuna tsarin CTSS, wanda ya ba mutane da dama damar aiki da kwamfuta ɗaya, kowa na ji kamar tasa ce shi kaɗai. Kafin nan, mutum kan miƙa aikinsa a kan katuna masu huji, ya koma ya jira sa'o'i kafin ya ga sakamako.

A bugu na shida na babbar manhajar Unix, wanda ya fito a 1975 daga ɗakunan binciken Bell, an bar wani ɗan rubutu a daidai wurin da ake musanyar, da ke gaya wa mai karatu cewa ba a sa ran zai fahimci abin da ke faruwa a nan. Rubutun ya yi suna a tsakanin masana har ana buga shi a jikin riguna.

Daga baya Dennis Ritchie, ɗaya daga cikin mutane biyun da suka ƙirƙiro Unix tare da Ken Thompson, ya amsa cewa su kansu ba su gama fahimtar abin da ke faruwa ba. Hanyar da suka bi na da aibi tun daga tushe, ta yi aiki ne kawai saboda yanayin kwamfutar PDP-11 da suke amfani da ita. Da suka zo mayar da Unix kan wata na'ura dabam sai ta watse, dole aka sake rubuta wurin.

Shi ma Linux daga nan ya faro. A 1991 Linus Torvalds yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya sayi kwamfuta mai furosesan Intel 386. Kamar yadda ya bayar da labari da kansa, gwajinsa na farko shi ne ayyuka biyu, ɗaya na rubuta harafin A a fuskar kwamfuta, ɗaya na rubuta B, agogo kuma na musanya su. Wanda ya leƙo ba zai ga komai ba sai jerin A da B. Jikan wannan gwaji ne ke cikin aljihun mai tambayarmu a 'Yargoje.

Yadda ake haifar manhaja

Ajiyewa da mayarwa rabin labarin ne. Akwai kuma kwafin da ake yi domin a samar da sabon aiki.

A tsarin Unix da Linux, hanyar da aka gada ta fara sabon aiki ita ce wanda ke raye ya nemi kanel ya raba shi biyu. Sai kanel ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya kwafe gurabun uwar gaba ɗaya zuwa shafin ɗan, har da wurin da ta tsaya. Idan aka tashe su, dukkansu daga wuri ɗaya za su ɗora, kamar tagwayen da suka farka da tunani iri ɗaya.

To ta yaya kowanne zai san ko shi wane ne? Da gurbi ɗaya tak. A na uwa, kanel zai rubuta lambar shaidar ɗan da ta haifa. A na ɗan kuwa sai ya rubuta sifili. Kowanne zai duba wannan gurbi, wanda ya ga sifili ya san shi ne sabon haihuwa, ya kama nasa aikin.

Android ta ɗauki wannan hanya ta mayar da ita ginshiƙi. Idan aka kunna waya, akwai wani aiki da ke tashi da wuri mai suna Zygote, sunan da aka aro daga ƙwayar halittar farko da ɗan tayi ke somawa daga gare ta. Yakan loda kayan aikin da kowace manhaja ke buƙata, ya zauna yana jira. Duk sanda aka taɓa alamar wata manhajar da ba ta riga ta tashi ba, Facebook ce ko ta banki, sai a raba Zygote biyu, sabon ya rikiɗe ya zama ita. Wannan ne ya sa manhaja ke buɗewa da sauri fiye da yadda waya ke tashi idan an kunna ta.

Ina ruwan batir?

Ga mutumin da sai ya kai wayarsa shagon masu caji ya biya, wannan ɓangare ya fi shafarsa.

Gurabun nan ba sa riƙe komai sai da wuta. Hanya mafi inganci ta tattalin batir kuwa ita ce a kashe wa cibiyar da ba ta aiki wuta ɗungurungum. Don haka kafin a kashe, sai kanel ya kwashe abin da ke cikin gurabunta zuwa RAM, wadda ɗan abin da take ci kafin ta riƙe bayanai kaɗan ne. Hatta agogon nan mai kaɗawa sau 250 ana dakatar da shi idan babu aiki.

Wayar da ke aljihu fuskarta a kashe, mafi yawan lokaci babban furosesanta barci yake yi. Wani ƙaramin sashe mai magana da turken sadarwa ne ke gadi. Idan kira ya zo sai ya kaɗa ƙararrawa, a maido da wuta, a zuba wa gurabun abin da aka kwashe, waya ta yi ƙara. Wannan sashe mai gadi shi ne kuma ke shan batir a wurin da sabis ke da rauni, saboda ƙara ƙarfi da yake yi wajen neman turke.

Haka nan, tun bayan da ARM ta gabatar da tsarin haɗa manyan cibiyoyi da ƙanana a 2011, wayoyi da yawa na da cibiyoyi iri biyu: masu ƙarfi masu cin wuta, da masu sanyi masu tattali. Tunda duk abin da aiki ya mallaka a kan allo ana iya kwashe shi zuwa littafi, babu abin da zai hana a ɗaga shi daga wannan cibiya a sauke shi a waccan. Sauraron karatu na iya tafiya a kan ƙaramar cibiya, buɗe kyamara kuma ya koma babba.

A nan ne kuma amsar kashi na biyu na tambayar take. Waya na mancewa ne idan littafin ya salwanta. Idan batir ya mutu, RAM ta goge, komai sai an faro daga farko. Sannan a wayoyi masu ƙaramar RAM, kamar mai gigabayit 1 ko 2, idan wuri ya ƙure Android kan kashe manhajojin da ke bayan fage don ta samar wa ta gaba fili. Wanda ya dawo daga dogon kira ya tarar shafin tura kuɗinsa ya koma farko, galibi abin da ya faru ke nan.

Neman ƙiba

Bayan gurabe 31 da muka ambata, akwai wani rukuni na manyan gurabe da ake amfani da su wajen lissafi mai ɗigo, da sarrafa hoto da sauti. A tsarin ARM guda 32 ne, kowanne bayit 16, jimla 512. A ce shi ne bayan allon, kuma ya fi gaban faɗi.

A zamanin da ba kowace manhaja ke taɓa waɗannan manyan gurabe ba, sai masu rubuta kanel na kwamfutoci masu furosesan Intel suka ga asara ce a riƙa kwashe su a kowace musanya. Suka fito da wata dabara: a bar rubutun mai fita a bayan allon yadda yake, a kafa wata alama da ke cewa an hana taɓawa. Idan mai shigowa bai nemi wurin ba, an huta. Idan ya nema, alamar za ta tsayar da shi, a kira kanel ya zo ya kwashe na wancan ya zuba nasa. Su da kansu suka raɗa wa dabarar suna ta malalata.

An shafe shekaru ana cin moriyarta. Amma a hankali sai kusan kowace manhaja ta koma amfani da manyan gurabun, hatta wajen kwafar rubutu daga wuri zuwa wuri. Masu kula da Linux suka lura cewa ribar ta gushe, kuma a 2016 suka mayar da kwashewa nan take ta zama ƙa'ida a kan dukkan furesosin wannan iyali.

Sun yi sa'a. A watan Janairun 2018 aka bayyana wasu manyan ɓaraka biyu masu suna Meltdown da Spectre, waɗanda suka nuna cewa furosesan zamani na da halin riga malam masallaci. Don neman sauri yakan fara aiwatar da umarni tun kafin ya tabbatar an halatta, idan ya ga ba a halatta ba sai ya janye ya watsar da sakamakon. Matsalar ita ce janyewar na barin sawu a wata ƙaramar ma'ajiya da ke kusa da shi, kuma mai wayo na iya gano abin da aka karanta ta hanyar auna saurin ɗauko bayanai daga wannan ma'ajiya.

A watan Yunin wannan shekara sai wasu masu bincike, cikinsu har da Julian Stecklina na kamfanin Amazon da Thomas Prescher na Cyberus Technology a Jamus, suka nuna cewa alamar hanin nan ma ana iya tsallake ta haka a furesosin Intel. Muguwar manhaja za ta iya karanta abin da wadda ta gabace ta ta bari a bayan allo. Kuma abin takaicin, a cikin waɗannan manyan gurabe ne ake ajiye makullan ɓoye bayanai yayin da ake aiki da su. An kira wannan ɓaraka LazyFP.

An je neman ƙiba an samo rama ke nan. Maganin bai wuce komawa ga abin da aka guje wa tun farko ba: a kwashe komai a kowace musanya. Kwamfutocin da ke kan sabon Linux sun tsira tun kafin a san da matsalar, sauran manyan manhajojin da abin ya shafa kuma suka fitar da gyara.

Idan laifin na allon ne

Wani lokacin kuma kanel kan yi aikinsa daidai, a samu cikas daga ƙarfen kansa. A watan Yulin 2023 Tavis Ormandy, wani mai bincike a kamfanin Google, ya bayyana ɓarakar Zenbleed a furesosin AMD na zubin Zen 2.

Asalin abin shi ne, gurabun da manhaja ke gani da suna ba su ne ainihin waɗanda ke jikin ƙarfen ba. Furosesa na da wasu da yawa a ɓoye, yana raba su yana karɓewa yadda ya ga dama. A Zen 2, idan ya yi garajen sakin wani gurbi sannan ya janye, sai ya dawo yana nuni ga wurin da tuni aka ba wani. Ormandy ya nuna ana iya tatsar kimanin kilobayit 30 a daƙiƙa daga kowace cibiya, saurin da ya isa a kama kalmar sirri yayin da mai ita ke shigar da ita. Kamfanin AMD ya fitar da gyara, aka kuma sanya wata kariya a cikin Linux.

Allon kuma sai ƙara faɗi yake yi. Furesosin Intel na manyan kwamfutoci da suka fito a farkon 2023 sun zo da wasu gurabe takwas na musamman don lissafin ƙirƙirarriyar basira, kowanne kilobayit ɗaya, jimla bayit 8,192. Wannan ya ninka bayit 272 da muka fara da su sau 30. A kan haka Linux ya kafa sharaɗi cewa duk manhajar da ke son amfani da su sai ta nemi izini tukuna, domin kada a riƙa tanadar wa kowa shafin da ba zai rubuta komai a kai ba.

Wa abin ya shafa?

LazyFP da Zenbleed na furesosin Intel da AMD ne, ba su shafi furosesan ARM da ke cikin wayar Tecno ko Itel ba. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne manyan cibiyoyin adana bayanai, inda kamfanoni da ba su san juna ba ke hayar kwamfuta ɗaya suna karɓa-karɓa a kan furosesa guda. Ta nan ne abin ke zagayowa kan talaka, domin kamfanoni da dama, har da na hada-hadar kuɗi, a irin waɗannan cibiyoyi suke gudanar da ayyukansu.

Gaskiyar magana dai, ɓarawon da ya fi zama barazana ga mai asusun banki a Ƙanƙara ko Faskari har yanzu shi ne mai bugo waya ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar sirri. Wannan babu kanel ɗin da zai tare shi.

Sai dai akwai darasi ga masu shagunan buga takardu da cike fom na intanet, waɗanda mutane ke shigar da lambobinsu na sirri a kwamfutocinsu. Yawancin irin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, masu furosesan Intel ko AMD, kuma gyaran irin wannan ɓaraka ta hanyar sabunta babbar manhaja yake isowa. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairun 2020, tallafin da ya saba ba Windows 10 kuma ya ƙare a ranar 14 ga watan Oktoban 2025. Da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba, amma suna iya ɗaukar nau'o'in Linux na kyauta irin su Ubuntu da Debian, waɗanda ake ci gaba da aiko musu da gyara.

Ga mai waya kuwa, a cikin saitin kowace Android akwai wurin da ke nuna kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da ta karɓa. Gyare-gyaren kanel na cikin abin da ke zuwa ta wannan hanya, kuma idan kwanan watan ya kwana biyu, yana da kyau a duba ko akwai sabuntawar da ke jira a duk lokacin da aka samu sabis mai ƙarfi da cikakken caji.